Tausa kala-kala ce: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi min anan Kumasi

Salamu alaikum jama'a. Ni ɗan Aboabo ne anan Kumasi, gidanmu gidan wanzamai ne, tun ina firamare nake riƙe wa babana jakar aska da ƙahoni muna zaga Asawase da Sabon Zango da Alaba, daga baya ne na koyi tausa irin ta zamani a hannun mutanen fisiyo, wato masu gashi da motsa jiki na asibiti, yanzu da ita nake ci da iyali. Tambayoyin nan kullum sai an yi min su, wani a ƙofar masallaci bayan la'asar, wani a WhatsApp da tsakar dare, wani ma yana kwance akan benci ina cikin aiki zai jefo tasa, shine nace bari in tara su waje ɗaya in huta da maimaici. Ni ba likita bane, dan haka duk inda kaji nace tafi asibiti toh da gaske nake.

Wai ba duk tausa ɗaya bace? Ni yarana ma suna taka min baya in ji daɗi.

Ba ɗaya bace Alhaji, amma kuma bata kai yawan da ake zuzutawa ba. In ka shiga manyan otal na Ankara babban birnin Gana zasu miƙo maka takarda da sunaye rututu kaman na abinci, kowanne da kuɗinsa, alhali in ka zuba wa hannun mai aikin ido abinda yake yi bai wuce shafa da cuɗa da gurza da danna da bubbuga da miƙar da gaɓa ba. Abinda ya raba su shine ina aka taɓa, da wane nauyi, a hankali ko da sauri, kuma dan me. Taka baya kuwa, ɗan shekara uku ya hau cinya ko ɗuwawu ba wani abu bane, amma ƙaton saurayi ya hau tsakiyar ƙashin baya ko kan haƙarƙari, musamman na tsoho ko tsohuwa da ƙashi ya riga yayi rauni, wannan neman karaya ne ana zaune ƙalau.

Mece ce ta Suwidin ɗin nan da ake cewa Suwidish?

Itace uwar yawancin tausar da ake koyarwa a makarantu. Ana jingina ta ga wani mutumin Suwidin mai suna Per Henrik Ling wanda ya buɗe makarantar motsa jiki a Stockholm a 1813, amma sunayen salon hannun da ake haddacewa yanzu da Faransanci suke, kuma wani likita ɗan ƙasar Holan, Johann Mezger, shi ake cewa ya tsara su haka. Guda biyar ne. Na farko shafa, tafin hannu da mai yana tafiya doguwar tafiya daga ƙasa zuwa sama wajen zuciya, da shi ake buɗewa da shi ake rufewa. Na biyu cuɗa, a kamo tsoka a ɗaga a murza kaman mai kwaɓa fulawar burodi. Na uku gurza, babban yatsa ya tsaya waje ɗaya yana ɗan zagaye a ciki, fata na tafiya tare da yatsan ba wai yana zamewa akanta ba. Sai bubbuga da gefen hannu ko da tafi a dunƙule kaman ƙoƙo, sai girgiza.

Wanda bai taɓa yin tausa ba ko mai gajiya kawai da rashin bacci, da wannan nake fara masa. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa, kuma da yawa tun ban gama ƙafa ta biyu ba sun fara minshari.

Ance in bata yi zafi ba bata yi aiki ba, haka ne?

Wannan maganar itace tafi kowacce ba ni wahala a Zango, dan mutanenmu mun ɗauka magani sai da ɗaci tausa sai da ihu. Wadda ake kira dip tishu, wato tausa mai shiga can cikin tsoka, ba ƙarfi bane sirrinta, jinkiri ne. Zaka ɗora gwiwar hannu ko dantse ko bayan yatsu ka jingina da nauyin jikinka ka jira, tsokar da kanta zata saki kaji kana nutsewa kaɗan kaɗan kaman ka taka laka, in ka yi gaggawa kuwa sai ta ɗaure ta tare ka, kana dannawa tana turowa, a ƙarshe ba abinda aka samu sai kwanciyar jini.

Na koyi wannan da kunya. Farkon fara aikina wani mahauci ƙaƙƙarfa yazo da ciwon kafaɗa, ina dannawa yana cewa ƙara, kai yaro baka ci tuwo bane, ƙara, ni kuma ƙuruciya na ɗibana na kafa masa gwiwar hannu a gefen allon kafaɗa na danna iya ƙarfina, yana cije baki yana cewa yauwa. Washegari sai gashi a ƙofar gidanmu hannun ko ɗagawa baya yi, wajen yayi baƙi ƙirin ya kumbura, kwana huɗu bai riƙe wuƙa ba. Babana bai daka min tsawa ba, ya dai kalle ni yace in ƙarfi kake son nunawa ga kasuwar Kejetia can je ka ɗauki buhu. Tun daga ranar nake tambayar mutum, in zafi daga 1 zuwa 10 ne yanzu kana nawa, in ya wuce 6 ko 7 ina ragewa ko ya roƙe ni. Kuma ban cika yarda da baki ba dan maza basa son faɗin gaskiya, numfashi nake kallo, in naga ya riƙe numfashi ko yatsun ƙafa sun nannaɗe na san na wuce gona da iri.

Akwai wani ƙulli a kafaɗata da in an danna nake jinsa har cikin kai, mene ne?

Teloli da masu kitso da direbobi da masu zaman kwamfuta kusan duk suna da shi. Wani ɗan waje ne a cikin tsoka da ya sanƙare yaƙi saki, in ka taɓa zaka ji kaman ƙwayar gujiya a ƙarƙashin fata, abin mamakinsa kuma yana aika ciwo wani wajen daban, na saman kafaɗa yakan hau ta gefen wuya ya zagaya bayan kunne har gefen goshi mutum yayi ta shan farasitamol yana cewa ciwon kai ne. Wata likita 'yar Amurka Janet Travell, wadda ta zama likitar shugaba Kennedy, ita da abokin aikinta David Simons suka yi fice wajen zana taswirar waɗannan ƙulle-ƙullen da inda kowanne ke aika ciwonsa. Aikinsa ba wuya, a danna da yatsa daidai yadda za'a iya jurewa a riƙe kaman sakan 30 zuwa minti ɗaya har zafin ya fara sauka, a saki, a miƙar da tsokar. A gida ma ƙwallon tanis tsakanin bayanka da bango tana yi. Amma fa in ka koma kan keken ɗinki ka duƙa awa goma kaman jiya, jibi zai dawo, ɗaga kujerar ko teburin ya fi tausata amfani.

Shiyatsu da ta Chana da ta Tailan fa?

Duk ukun yawanci da kaya a jiki ake yi, ba mai, abinda yasa wasu dattawa ma suka fi son su kenan. Shiyatsu ta Japan ce, ma'anar sunan danna yatsa, ana bin layi layi a jiki da babban yatsa da tafin hannu, Tokujiro Namikoshi ya buɗe makarantarta a Tokyo a 1940. Ta Chana sunanta tuwina, tura da kama, ita tafi sauri da murza, acan a asibitocin maganin gargajiya ake yinta. Ta Tailan kuwa a ƙasa akan katifa ake yi, mai aikin zai lanƙwasa ka ya miƙar da kai ya ja ƙafa ya tura gwiwa har ƙirji, kai dai ka saki jiki kawai, UNESCO ta saka ta cikin al'adun duniya da ake kiyayewa a 2019. Tana da daɗi ga mai jiki a sage, amma mai ciwon gwiwa ko wanda aka yi wa aiki a ƙugu ko baya ya faɗa tun kafin a fara.

Su masu waɗannan salon suna bayanin aikinsu da wasu hanyoyin ƙarfi da suke cewa suna gudana a jiki. Ni dai tsoka da gaɓa nake gani a ƙarƙashin hannuna, da su nake aiki.

Da gaske ne in an danna tafin ƙafa ana warkar da hanta da ƙoda?

A'a. Rifleksoloji ake kiranta, wata Ba'amurkiya Eunice Ingham ta yaɗa ta a shekarun 1930 da zanen tafin ƙafa da aka rarraba, nan hanta nan ƙoda nan ido. Tausar ƙafa tana da daɗi sosai, Mma da ta wuni tsaye tana saida waakye in aka murza mata diddige da tsakiyar tafi har addu'a take yi, tana saukar da gajiya tana kawo bacci, iyakarta kenan. Wanda ya danna maka ƙafa kace wash yace toh ƙodarka ce ta lalace kawo kuɗin magani, saka takalminka ka fita.

Ƙaho shima tausa ne? Naga turawa ma suna yi yanzu.

Dariya abin ya ba ni a 2016 lokacin wasannin Olamfik na Rio da aka ga Michael Phelps mai ninƙaya da tabo zagaye zagaye a kafaɗa duniya ta ɗauka sabon abu ne, alhali kakana da ƙahon saniya ya aurar da 'ya'yansa. Iri biyu ne. Akwai busasshe wanda ake kafa kofi a zuƙe iska fata ta taso a barshi 'yan mintuna, wani lokacin a shafa mai a riƙa jan kofin akan baya, wannan kam ɗan'uwan tausa ne, bambancin kawai tausa tana dannawa ƙasa shi yana ja sama. Sai namu na wanzamai, hijama, wanda ake kafa ƙaho a cire a yi tsaga da aska a mayar a zuƙo jini.

Na biyun ne nake so a kula da shi dan jini ba abin wasa bane. Yadda ake yi da, aska ɗaya ta zaga unguwa ana goge ta a tsumma, yanzu mun san ciwon hanta da ƙanjamau suna bin aska, kuma ciwon hanta nau'in B ba baƙo bane a Gana. Sabuwar reza a ɓare a gabanka, kofi na roba mai famfo wanda naka ne kai kaɗai, safar hannu, a wanke wajen kafin da bayan. Mai sikila ko ƙarancin jini, mai ciki, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, mai ciwon sugan da rauni baya warke masa da wuri, ƙaramin yaro, duk bana musu. Kuma baƙin jinin da kake gani ya daskare a ƙaho jini ne da ya fito ya sha iska ya daskare, kowa aka tsaga haka nasa zai yi, kada wani ya nuna maka yace ga ciwon nan na cire ka daina shan maganin hawan jininka.

Ƙafata ta kumbura, in zo a matse min?

Tsaya tukuna, kumburi kala-kala ne kuma akwai wanda tausa ke kashe mutum akansa. In ƙafa ɗaya ce, sha-raɓa ta kumbura tana zafi tana ɗumi, musamman bayan doguwar tafiya a zaune kaman motar dare daga Bawku ko jirgin dawowa daga Hajji, ko bayan haihuwa ko tiyata ko doguwar jinya a kwance, zai iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza gudan ya ɓalle ya tafi huhu ana iya rasa mutum nan take. Wannan ko taɓawa bana yi, Jii zaka tafi, wato asibitin Komfo Anokye, a duba da na'ura. In kuma duka biyun ne suka kumbura har da haki ko fuska, zuciya ko ƙoda ko hanta ake tuhuma, nan ma likita.

Wanda tausa ke taimakawa shine kumburin ruwan kaluluwa, irin na matan da aka yi wa aikin kansar nono aka cire kaluluwar hammata hannu ya riƙa cika, ko masu tundurmi. Salon daban ne gaba ɗaya, Emil Vodder ɗan Denmak da matarsa Estrid suka fito da shi a shekarun 1930, hannu baya shiga tsoka sam, fata kawai ake ɗan ja a saki a hankali kaman kana lallashin jariri, kuma daga wuya da gangar jiki ake farawa a buɗe hanya kafin a sauko inda ya kumbura, bayan nan a naɗe da bandeji ko safa mai matsewa. Mutanenmu in an yi musu sai suce wannan ai bai yi komai ba. Aikin wanda ya koya ne musamman, a nemi sashen fisiyo.

Ni kaya nake ɗauka a ka, wuya da ƙugu sun ishe ni. Wacce ta dace dani?

'Yan'uwanmu kayaye masu dako a Kejetia da Adum da masu tura baro da direbobin motar haya trotro da keke mai ƙafa uku pragya, ku ne rabin masu zuwa wajena. Ga mai ɗaukan kaya ina fara gasa wuya da kafaɗa da tawul mai ɗumi, sai cuɗa, sai in bi ƙulle-ƙullen nan, gindin ƙeya kuma da yatsu a hankali. Ga direba ciwon a ƙugu yake ji amma sau da yawa tsokar ɗuwawu da gaban cinya ne suka ɗaure saboda zama, in ban taɓa su ba aikin banza nayi, kuma cire walat ɗin nan daga aljihun baya dan Allah. Ƙungiyar likitocin Amurka ma a shawarar da ta fitar a 2017 ta saka ɗumi da tausa cikin abinda za'a fara gwadawa a sabon ciwon baya kafin a ruga ga ƙwayoyi. Sauƙi take kawowa na kwanaki, ba ta canza nauyin kwanon da ke kanki ba, gammo mai kauri da rage lodi da durƙusawa da gwiwa wajen ɗauka su ne sauran maganin.

Amma in ciwon baya yazo da ƙafa tana mutuwa ko tana ja, ko fitsari da bayan gida suna kuɓucewa ko sun ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya dushe baka jin taɓi, ko zazzaɓi da rama, ko bayan faɗuwa ne, ranar zaka je asibiti ba gobe ba.

Mu 'yan ƙwallo kafin wasa ya kamata ko bayan wasa?

Duka, amma ba iri ɗaya ba. Kafin wasa gajeriya ce mai sauri, minti 10, shafa da bubbuga da girgiza dan jiki ya farka, kada ka yarda a yi maka mai zurfi ana saura awa ɗaya a take wasa, ƙafa zata yi maka nauyi. Bayan wasa a hankali, doguwar shafa da cuɗa mara zafi. Mai zurfin a bari sai tsakiyar sati. In kuma tsokar bayan cinya ta tsinke maka kana gudu kaji kaman an jefe ka da dutse, wannan rauni ne, duba amsa ta gaba.

Na yi targaɗe, a ja min ko a murza?

Kwana biyu zuwa uku na farko ba murza ba ruwan zafi ba man zafi, dan cikin wajen jini ke tsiyaya, in ka gasa ka murza ƙara masa kake. Ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a naɗe ba da matsi sosai ba, a ɗaga ƙafar akan filo. In baka iya taka ta taku huɗu ba, ko kan ƙashin idon sawu ne ke zafi in an taɓa, ko wajen ya karkace, a ɗauki hoto tukuna. Ina girmama masu ɗori, akwai masu baiwa a cikinsu kuma mun gada tare, amma na ga yaron da aka ɗaure wa hannu da karare tamau yatsu suka kumbura suka yi sanyi ana cewa a yi haƙuri haka ɗori yake, da ƙyar aka ceci hannun. Yatsu in sun yi sanyi ko sun canza kala ko sun mutu a kwance ɗaurin nan take. Karayar da ƙashi ya huda fata, da ta ƙugu, da duk abinda ya shafi wuya ko ƙashin baya bayan hatsari, ba'a ja ba'a miƙar, ko ɗaga mutum sai da dabara. Duk ɗan Kumasi ya san Baba Yara ɗan ƙwallon nan da aka saka wa filin wasanmu sunansa, hatsarin mota a 1963 ya taɓa masa ƙashin baya a lokacin da yake tashe, bai koma fili ba har ya rasu a 1969. Bayan kumburi ya sauka ko an cire filasta, nan ne tausa da motsa gaɓa suke da rana.

Babanmu ɓarin jikinsa ya shanye, tausa zata tada shi?

Ranar da abin ya faru, baki ya karkace hannu ya saki magana ta sarƙe, ba lokacin kiran mai tausa bane ko shafa mai, a kira 112 ko a saka shi a mota, dan irin wanda jini ya toshe akwai allurar da sai cikin awa huɗu da rabi na farko take amfani. Bayan an sallamo shi tausa tana rage sanƙarewa da ciwo kuma tana sanyaya masa rai, amma ba ita ke dawo da tafiya ba, matsalar a ƙwaƙwalwa take, atisayen da shi da kansa yake yi kullum da mutanen fisiyo shine ke koya wa jiki aiki kuma. Roƙona ɗaya ga masu jinya, kada a ɗaga shi ta hannun da ya mutu, kafaɗar bata da tsokar da zata riƙe ta, gocewa take.

Mai ciki da mai jego da jariri fa?

Mai ciki a gefe take kwanciya da filo tsakanin gwiwoyi, hannu mara nauyi a ƙugu da kafaɗa, ba'a danna ciki ba'a murza sha-raɓa da ƙarfi, kuma maganar juya ɗa da hannu a gida a barta. In akwai hawan jini ko zubar jini ko kumburin fuska sai da izinin awo.

Jego kuwa, Hajiyoyinmu kuyi haƙuri zan taɓa ku. Ruwan ɗumi da gashi da tausa suna wa mai jego daɗi, ba wanda ya hana, amma tafasasshen ruwa da ake fyaɗa mata da ganye har fata ta saluɓe ba ƙarin lafiya bane, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da zafin nan mai tsanani haɗe da kunun kanwa. Wadda aka yi wa tiyata ba'a taɓa cikin sai ɗinki ya warke. Jariri shafa kawai yake so da man kaɗe mai tsabta, ƙafafu da hannaye da baya, ba'a danna maɗiga ba'a gasa ta, ba'a mulmula kai wai a gyara shi dan da kansa yake daidaita, cibiya kuma abinda asibiti suka bayar kaɗai za'a saka.

Wane mai ya fi?

Man kaɗe, wanda Asantawa ke cewa nkuto, gashi nan daga arewa a araha, ka murza a tafi ya narke, baya saurin shanyewa kuma yana ba hannu riƙo. Man kwakwa ya fi santsi, yafi dacewa da doguwar shafa. Man zafi a ɗan wajen da ke ciwo kawai, banda fatar da ta fashe, banda jarirai, kuma kada a shafa a ɗora ruwan zafi akai. Masu ciwon suga ku kula da duk wani gashi ko dutse mai zafi a ƙafa, jijiyar na iya mutuwa ka ƙone baka ji ba.

Aski na ƙarewa sai mai askin ya murɗa min wuya yayi ƙas, yana da kyau?

Hana shi. Ƙarar iska ce a cikin ruwan gaɓa ba wai ƙashi ne ya koma wajensa ba, kuma akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙashin wuya zuwa ƙwaƙwalwa, ba kasafai ba amma fizga irin wannan tana iya yaga su. Ni da nayi shekaru ina wannan aikin bana yi.

Mace zata iya zuwa? Da azumi fa?

Ni maza nake yi wa, mata akwai 'yar'uwa da muke aiki tare ita ke shiga gida ta yi musu. Ko namiji da namiji ana rufe jiki da zane a buɗe inda ake aiki kawai, daga cibiya zuwa gwiwa in ba nan ne ciwon ba ba ruwana da shi, in nan ne kuma ta kan gajeren wando. Tausa da mai a fata bata karya azumi, sai dai na fi son bayan tarawi dan mutum ya sha ruwa. Ƙaho da rana a Ramadan kuwa malamai sun yi saɓani, tambayi malaminka, ni dai nawa sai an sha ruwa.

Yaya zan gane wanda ya iya?

Kafin ya taɓa ka zai tambaye ka, ina ke ciwo, tun yaushe, kana da hawan jini ko suga, wane magani kake sha, an taɓa maka aiki. Zai wanke hannu, farce a yanke, zanen gado sabon wanki. In kace rage zai rage. Baya cewa yana warkar da komai daga basir har rashin haihuwa. A dokar Gana masu maganin gargajiya suna rajista da hukumar da dokar shekarar 2000 mai lamba 575 ta kafa, su kuma mutanen fisiyo digiri suke yi kuma suna ƙarƙashin hukumar ma'aikatan lafiya da dokar 2013 mai lamba 857 ta kafa, dan haka ba rashin kunya bane kace Malam in ga takardarka. Mai tausa daban fisiyo daban, ni ban taɓa kiran kaina fisiyo ba.

An yi min jiya yau duk jikina ciwo, ance dattin jiki ne ke fita.

Ba wani datti, hanta da ƙoda ke wannan aikin ba hannuna ba. Tsamin jiki ne irin na wanda ya daɗe bai yi noma ba ya kama fartanya, kwana ɗaya ko biyu ya wuce, wanka da ruwan ɗumi da ɗan tattaki zuwa masallaci sun isa. In ya haura kwana uku, ko wajen yayi baƙi ya kumbura, ko hannu ko ƙafa na dushewa, an danna fiye da kima, ka faɗa wa wanda yayi maka. In kuma fitsari ya koma kalar shayi ko koko bayan tausa mai tsanani, ko zazzaɓi ya rufe ka, a tafi asibiti a gwada, dan wani lokacin ma ciwon jikin da ya kawo ka tun farko maleriya ce ke shigowa, shi yasa duk wanda yazo min jiki da zafi nake cewa je ka kemis a ɗan tsaga yatsa tukuna, in ba ita bace ka dawo da yamma benci na nan.